Dutsen da ƙanina ya kawo daga dahab, zinariya ce ko wahalar banza ya ɗauko?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu ilimin duwatsu da waɗanda suka taɓa zuwa dahab, wato wajen haƙar zinariya, ku taimaka min. Ƙanina ne ya dawo shekaranjiya daga arewa wajejen Abu Hamad, wata bakwai yana can suna haƙa rijiya shi da wasu yaran unguwarmu, kuɗin kirki dai bai dawo da shi ba amma ya dawo da rabin buhu na wani farin dutse wai rabonsa ne aka ba shi, kuma ya rantse ya maya arziki ne a ciki. Dutsen fari ne tas kamar gishiri, ga tauri, a jikinsa kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi rawaya masu sheƙi, wasu murabba'i ne sak kamar an yanka da wuƙa, kamar ɗan ludo, akwai wanda ya kai girman ƙwayar masara. In ka fita da shi rana har ɗaukar ido yake. Inna tun da ta gani ta sa aka tura buhun ƙarƙashin gadonta ta ce kar wanda ya kuskura ya faɗa wa maƙwabta, ni kuma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba, don in da zinariya ce haka a fili ai ba za su bar masa ba. Ta yaya zan gane ba tare da na kai kasuwa an yi mana dariya ba?

Sai ta biyu, wannan ta son sani ce kawai. Me ya sa duwatsun can suka bambanta da namu? Nan Gadarif duk inda ka tona baƙin dutse ne mai nauyi, Kasala kuma ga manyan duwatsu sumul kamar an ɗora tukwane a kife, shi kuma ya kawo fari. Ba duk dutse dutse ba ne?

Tsohon Dahhabi:

Wa alaikumus salam. Yaro na ji bayaninka, kuma tun daga inda ka ce murabba'i kamar ɗan ludo na san inda maganar za ta ƙare, ka yi haƙuri. Na yi shekaru ina wannan sana'ar daga Abidiya har cikin saharar Gabgaba kafin gwiwa ta ajiye ni, ban taɓa ganin zinariya ta fito da kusurwa huɗu a tsare haka ba. Ita zinariya a cikin maru, wato farin dutsen nan, kamar an ɗiga narkakken man shanu take, ko kamar zare, ko ɗan ɓawo a manne, ba ta da tsari. Kuma ba ta walƙiya irin wannan mai ɗaukar idon, launinta ɗaya ne ko a rana ko a inuwa, ka juya ta ko ta ina haka za ka gan ta. Wanda in ka juya ya haska in ka sake juyawa ya mutu, wannan mayaudari ne.

Amma kar ka ɗauki maganata, ga abin da za ka yi yau ɗin nan. Ka ɓanɓaro ƙwaya ɗaya da bakin ƙusa, ka ɗora a kan ƙarfe ka buga da guduma. In ta baje ta yi faifai kamar dalma to ka zo ka ba ni goron albishir, in kuma ta tarwatse ta zama gari baƙi-baƙi shikenan. Ka sunsuna garin ma, za ka ji ɗan warin farar wuta, musamman in ka zuba a kan garwashi, amma a waje fa kar a ɗaki. Sannan ka gwada allura, zinariya allura tana shiga jikinta ta bar rami, wannan kuwa allurar ce za ta zame.

Farin dutsen shi ne maru, kuma gaskiyar ƙaninka ɗaya, a cikinsa ake samun dahab. Sai dai ba kowane maru ba. Mu wanda muke so shi ne mai datti, mai tsatsa ja-ja da ramuka kamar gidan zuma, fari tas ɗin nan sau da yawa mun niƙa buhu goma ba mu ga ko ƙwayar gero ba.

Ɗalibar Jiyoloji:

Sannu Baba, wallahi ka gama bayanin, abin da muka yi zangon karatu guda muna haddacewa ka faɗe shi a layi biyar. Ni dai zan ɗora sunaye ne da dalili.

Ɗan'uwa abin da ƙaninka ya kawo kusan tabbas fayirait ne, haɗin baƙin ƙarfe ne da farar wuta, shi ya sa Baba ya ce za ka ji wari. Ba ƙaninka ne farkon wanda ya ruɗa ba, Turawa ma zinariyar wawa suke ce masa. Abin da aka fara koya mana a aji shi ne launi shi ne shaidar da ta fi kowacce ƙarya a wajen gane ma'adini. Maru kaɗai akwai fari, akwai ruwan hoda, akwai shuɗi-shuɗi mai ruwan algashi, akwai mai launin hayaƙi, kuma duk abu ɗaya ne, ɗan gurɓi ne kawai ya canza masa riga. Don haka ba a tsayawa a launi, ana tara shaidu ne.

Na farko zane. Ka samo fasasshen faranti na tangaran, gefen da ya karye ko gindinsa inda ba shi da santsi, ka goga ƙwayar a kai da ƙarfi. Zinariya za ta bar layi rawaya, fayirait zai bar layi baƙi mai ɗan kore-kore. Wannan gwajin yana da daɗi saboda launin gari ba ya canzawa ko da launin dutsen ya canza, misali tama irin wadda ake kira hematait, ko baƙa ce ƙirin tana sheƙi, in ka goga ja za ta zana kamar jini ya bushe.

Na biyu tauri. Wani Bajamushe Friedrich Mohs a 1812 ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowanne yana karce na ƙasa da shi. Lamba 1 shi ne talk wanda ake hodar jarirai da shi, 2 jibs, 3 kalsait, maru yana 7, daiman yana 10. Ba sai ka sayi komai ba, farcenka yana wajen 2.5, gilashin taga da wuƙa suna wajen 5.5. Zinariya tana 2.5 zuwa 3 ne kacal, laushi gare ta, shi ya sa maƙeran zinariya suke haɗa ta da jan ƙarfe ko azurfa kafin su yi awarwaro. Fayirait kuwa yana 6 zuwa 6.5, zai karce kwalba, kuma in ka buga shi da ƙarfe har tartsatsi yake yi kamar ƙyastu. Ka gwada a jikin kwalbar lemo, in ya bar zane to magana ta ƙare.

Na uku nauyi, kuma wannan ne dalilin da ya sa wankin tasa, wato wanke garin dutse da ruwa a tasa don a ware zinariya, yake aiki. In ka cika gwangwanin lita ɗaya da ruwa kilo 1 ne, da a ce curin maru ne mai wannan girman kilo 2.65, fayirait kilo 5, zinariya kuwa kilo 19.3. Kusan ninki huɗu na fayirait ke nan. Shi ya sa in ana karkaɗa tasa komai yake tafiya da ruwa ita ta kwanta a gindi ta ƙi motsi. Akwai wani mayaudarin kuma, maika, 'yan ɓawo-ɓawo masu ruwan zinariya da ake gani a yashin kwari bayan ruwan sama, su ma suna ruɗar mutane, amma da ka sa a tasa za ka ga suna yawo a ruwa kamar dusa, in ka danna da allura kuma sai su rabu falle-falle kamar takarda.

Siffar ɗan ludon da ka gani kuma ba wanda ya yanka, haka ƙwayoyin zarran cikinsa suke jeruwa, in ya samu sarari sai ya girma a haka. Ka duba fuskar ƙwayar da kyau a rana, sau da yawa za ka ga siraran layuka a jere kamar an ja da reza. Gishirin dutse ma haka yake fashewa murabba'i, kwalli ma haka.

Tambayarka ta biyu ta fi min daɗi amma wuta za ta ɗauke yanzu, bari in sa waya a caji in dawo.

Mai Shayin Kasala:

Hhhh Allah sarki Inna, ta kwana biyu tana gadin tsakuwa. Kar ku faɗa mata yanzu dan Allah ku bari sai ta ci abinci. Malama muna jiran na Kasala, kullum ina zaune gindin Totil ina dafa jabana, wato kofi, ban taɓa tambayar kaina daga ina dutsen ya fito ba.

Ɗalibar Jiyoloji:

Na dawo. Toh da farko a raba abu biyu, ma'adini daban dutse daban. Ma'adini abu ɗaya ne mai haɗi ɗaya kamar maru ko fayirait ko gishiri, dutse kuma tarin ma'adinai ne, kamar dai gero da wake da shinkafa a gefe guda, dafa-duka a gefe guda. Ana kasa duwatsu gida uku, ba ta launi ba, ta hanyar da suka samu.

Gidan farko waɗanda suka daskare daga narkakken dutse. Kuma abin mamaki dutsen Gadarif da na Kasala duk 'yan gidan nan ne duk da ba su yi kama ba ko kaɗan. Bambancin a wajen hucewa yake da kuma kayan haɗin. Na Kasala, wato Taka da Totil, giranit ne, ya huce ne a can ƙarƙashin ƙasa a rufe, a hankali cikin dogon zamani, sai ƙwayoyinsa suka samu lokacin girma. Mai shayi gobe in ka je ka tsuguna ka kalli dutsen kusa-kusa, za ka ga ba launi ɗaya ba ne, akwai ƙwaya mai kama da gilashi shi ne maru, akwai mai ruwan hoda ko fari-fari shi ne felsfa, akwai ɗigo-ɗigon baƙi mafi yawa maika ne. Daga baya abin da ya rufe shi ya zaizaye ya tafi, shi kuma da nauyi ya sauka daga kansa ga zafin rana ga sanyin dare sai ya riƙa ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa, shi ya sa ya zama sumul kamar tukunya a kife. Na Gadarif kuma basalt ne, shi ya fito ne har doron ƙasa yana narke ya malala, iska ta buge shi ya huce da wuri, ƙwayoyin ba su samu girma ba sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma ƙarfe ya yi masa yawa shi ya sa yake baƙi da nauyi. In irin wannan dutsen ya ruɓe yana ba da baƙar laka mai tsagewa da rani mai kama ƙafa da damina, irin wadda kuke noman dawa da riɗi a kai. Ƙasar Jazira ma da ake taƙama da ita, Shuɗin Nilu ne ya kwaso ta daga basalt ɗin tsaunukan Habasha. Jabal Marra a Darfur ma dutsen aman wuta ne, tafkunan Deriba a cikin bakinsa suke.

Gida na biyu na kwantawa. Ruwa da iska su farfasa tsohon dutse ya zama yashi da laka, su kwashe su zube a wani wuri, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne, ruwan ƙasa ya liƙe su kamar siminti. Alamarsu ita ce hawa-hawa kamar an jera tabarmi, kuma in ka murza dutsen yashi da yatsa za ka ji yashi yana zubowa. Arewacin Sudan cike yake da shi, Jabal Barkal shi ne, dalar Bajrawiya da shi aka gina su, kuma saboda yana da ƙofofi yana riƙe ruwa, babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa da Sudan da Masar da Libiya da Chadi suka yi tarayya a kai a cikinsa yake. A wannan gidan ne ake samun burbushin halittu, wajejen Kurru akwai kututturan itace kwance a sahara sun zama dutse har da ɓawonsu. Dutsen farar ƙasa ma ɗan gidan ne, mafi yawansa daga ɓawon halittun teku, tsofaffin gidajen Sawakin da murjanin teku aka gina su. Gane shi ba wuya, ka kankare gari kaɗan ka ɗiga masa khal ko ruwan lemon tsami za ka ga yana 'yar kumfa, maru kuwa ko kulawa ba zai yi ba.

Gida na uku waɗanda suka rikiɗe. Dutse ne na ɗaya daga gidajen can biyu, ya nutse ƙasa, zafi da matsi suka gasa shi ba tare da ya narke ba, kamar yadda yumɓu yake zama tukunya. Dutsen farar ƙasa ya koma rukham, wato mabul, laka ta koma wani mai rabewa falle-falle, giranit ya koma mai ratsi-ratsi fari da baƙi a lanƙwashe. Yankin da ƙaninka ya je da tsaunukan Bahar Maliya akasari irin waɗannan tsofaffin ne gauraye da giranit, sun haɗu tsakanin shekara miliyan 900 zuwa 550 da suka wuce. Lokacin da ake wannan matsin ne ƙasa ta tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagar ɗauke da sinadarin maru da farar wuta da ƙarfe da ɗan abin da ya samu na zinariya, da ya huce sai ya sauke kayansa a nan. Farin layin da su Baba suke bi a jikin dutse ke nan. Kun ga ashe fayirait da zinariya mota ɗaya ta kawo su, don haka ganinsa ba hujjar akwai zinariya ba ne, amma kuma ba hujjar babu ba ne, wani lokacin ma tana ɓoye a cikinsa ƙanana ƙwarai ido ba ya gani. Marun nan mai tsatsa da ramuka da Baba ya ce sun fi so, ramukan gurbin fayirait ne da ruwan sama ya cinye, ƙarfen ya zama tsatsa, zinariya da ba ta tsatsa ta zauna a sake. Ma'adinin Hassai da ke Ariyab ma daga irin wannan jar hular tsatsar aka fara ɗibar zinariyarsa.

Tsohon Dahhabi:

Allah ya yi miki albarka 'yata, yau na san dalilin abin da hannuna ya sani shekara da shekaru. Sai dai miliyan ɗari taran nan, wa ya zauna ya ƙirga? Mu dai mun san Allah ne ya yi abinsa.

Ɗalibar Jiyoloji:

Haka ne Baba Allah ne ya yi, mu awo kawai muke. Akwai wata 'yar ƙwaya a cikin giranit ana ce mata zirkon, tana ɗauke da yuraniyom, shi kuma yana rikiɗewa ya koma dalma a kan ƙa'ida sananniya da ba ta sauri ba ta jinkiri, sai a auna nawa ya rage nawa ya koma, kamar ka ga kyandir ka san tsawonsa na asali ka faɗi tun yaushe aka kunna.

Baƙon Madina:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Sudan, Allah ya kawo muku zaman lafiya mai ɗorewa. Ina bin zancen nan tun ɗazu a wajen aiki. Malama baƙin dutsen da kika kwatanta ai shi ne ya kewaye mu a nan, harra ake ce masa, in ka fita gabas ko kudu da gari haka za ka gan shi shimfiɗe baƙi ƙirin da ƙofofi-ƙofofi kamar soso, ga kaifi, takalmin roba ba ya kwana biyu a kai. Kuma nan ba sai an yi maganar miliyoyi ba, a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, wuta ta fito a kudu maso gabashin Madina ta yi kusan kwana 52 tana malala, ta yi tafiyar fiye da kilomita 20 ta tsaya kafin ta iso gari, malaman tarihi na lokacin sun rubuta. Ko a 2009 ma sai da aka kwashe mutanen Al-Is saboda girgizar ƙasa a harrar wajensu. Ni duk sanda na bi hanyar Makka na ga tsaunuka da ratsin fari da ja da baƙi sai in tuna ayar nan ta cikin Suratu Faɗir da ta ambaci haka.

Wani injiniya da muka yi aiki tare ya ce min tsaunukan Hijaz da na Bahar Maliya na wajenku asali jiki ɗaya ne, teku ce ta buɗe a tsakani wajen shekara miliyan 30 da suka wuce kuma har yanzu tana ƙara faɗi kamar santimita ɗaya a shekara, shi ya sa mahaƙar zinariya ta Mahd az-Zahab take wannan gaɓar ta Ariyab take waccan. Rukham ɗin da kika ambata kuma, farin da aka shimfiɗa a filin ɗawafi daga tsibirin Tasos na Girka aka kawo shi, duk wanda ya yi ɗawafin azahar ba takalmi ya san ba ya ƙuna kamar sauran daɓe, farinsa yana mayar da hasken rana.

Abu ɗaya zan roƙe ka ɗan Gadarif, kar ku daka dutsen nan a turmin gida ko a tsakar gida inda yara suke wasa. Ni asalinmu Zamfara ne, abin da ya faru a 2010 ba za mu manta ba, dutsen zinariya ne mai dalma a ciki aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara sama da 400. In ka ga wani mai ruwan toka yana sheƙi kamar kwalli a cikin buhun, nauyi gare shi kuma yana fashewa murabba'i, to dalmar ke nan. Haka ƙona zaiba da ake yi don fitar da zinariya, hayaƙinta guba ne, ba a yi a ɗaki ko kusa da mai ciki.

Ɗan Gadarif:

Na gode ƙwarai Baba, Malama, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Na yi duka. Guduma ɗaya ƙwayar ta watse ta zama gari, ta karce kwalbar lemo har da ƙara, a gindin faranti kuma baƙin layi ta ja, ƙanina yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba ya shige ɗaki. Buhun mun fitar da shi daga ɗakin Inna mun kai bayan gida mun rufe. Amma da na zazzage na ga guda shida ko bakwai a ƙasan buhun irin masu tsatsa da ramukan nan, na ware su daban. Matsalar yanzu farantin da na fasa ashe cikin na kayan auren Inna ne, ita maganar zinariyar ma ba ta dame ta kamar wannan ba, tun la'asar take faɗa.

Tsohon Dahhabi:

Masu tsatsar nan kar ka zubar. In wani zai koma arewa ka ba shi ya kai tahuna, wato injin niƙa dutse, a niƙa su su kaɗai kar a haɗa da farin, kuma ya tsaya a kan tasar da kansa har a gama wankewa, kar ya ce zai je shan shayi ya dawo. Ka tambayi ƙaninka a wace rijiya ya samo su da zurfin kamu nawa, in ya huce. Farantin kuma ka je kasuwa ka saya mata biyu.